Fangali Huɗu a Bin Omran

Haliru yana durƙushe a fangali na uku, ya huda ƙasa da yatsa zai dasa kabeji, sai ya ji hon a bakin get. Bai ɗago ba. Ya san motar, ya san mai ita, ya kuma san abin da ya sa ake danna hon ɗin kamar ana kiran bawa. Ya sa dashen a rami, ya danne gindinsa da yatsu biyu, ya tsiyaya masa rabin kofin ruwa, ya ja gwiwa ya matsa gaba.

Get ya buɗe da ƙara. Ghali ne, da farar rigar kamfanin limozin, ido jajur saboda kwanan tuƙi tsakanin filin jirgi da otal. Ya tsaya yana kallon wurin da ya saba ajiye mota. Jiya da la'asar ya bar shi fili fetal, da sawun tayoyinsa a kai. Yau an yanka shi gida huɗu, an tayar da kunya ta kewaye kowanne, ga 'yan ganyaye sun jeru sahu-sahu sun doshi gindin bangon ɗakinsa.

"Baba Haliru, mene ne wannan?"

"Na kusa da kai karas ne, iri na yafa, kada ka taka. Na biyu latas. Waɗannan biyun kabeji."

"Ba sunayensu na tambaye ka ba. A ina zan sa motata?"

"Inda kake sa ta lokacin da nake kwashe ɓaraguzai ni kaɗai."

Gidan tsoho ne, a wani lungu na unguwar Bin Omran a birnin Doha. An yayyanka shi da katako ya zama ɗakuna tara, maza goma sha huɗu a ciki, kusan duk 'yan Arewa, masu gadi da direbobi. Tsakanin get da ɗakin Ghali akwai ɗan fili, taku goma a tsawo, biyar a faɗi. Lokacin da Haliru ya tare a gidan shekara biyu da suka wuce, wurin juji ne na fasassun bulo da tayal da buhunan simintin da suka daskare, ragowar aikin yanka ɗakuna. Ba ɗan uwar da ya taɓa ɗaga ko tsakuwa ɗaya. Shi ne tun watan Satumba, ana wannan zafin da ke manna wa mutum riga a baya kafin ya kai bakin titi, ya riƙa tasowa daga gadi a wani babban kanti na Al Gharrafa, ya tuɓe yunifom, ya kwashe tarkacen bokiti-bokiti. Ya lallaɓa wani direban tifa ya zubo masa ƙasa mai daɗi. Ya je har izba, inda Larabawa ke kiwon tumaki a bayan gari, ya ɗuro taki buhu shida. Ranar da wurin ya kwanta lif, baƙi ƙirin, yana ƙamshi, a ranar Ghali ya shigo da mota ya ɗora a kai. Wai tun kafin a zuba ɓaraguzan wurin ajiye motarsa ne. Mako uku ke nan yana danne ƙasar da taya huɗu, Haliru yana haɗiyar zuciya.

"Ka ji da kunnenka abin da kamfani ya ce," in ji Ghali. "Sau biyu ana gogar motar nan a lungu. In aka yi na uku za su karɓe makulli. Da latas za ka ciyar mini da iyali?"

"Ka nemi wani wurin."

"Wani wurin ina? A kan ƙeyarka?"

Haliru ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya kaɗe hannu a wando.

"Yaro, ka iya bakinka. An riga an shuka. Abin da ya kama ƙasa ba mai tumbuke shi sai an girbe. Ko gaban dagaci aka je da rigimar gona, haka za a gaya maka."

"Au! Shi ya sa ka tashi tun asuba kamar ɓarawo?"

Shi ya sa kuwa. Ana sallame sallar asuba Haliru ya ɗauko fartanya, ya san Ghali ba zai dawo ba sai ƙarfe bakwai. Bai ji kunyar hakan ba ko kaɗan.

Shekararsa hamsin da shida. Goma sha ɗaya daga ciki a tsaye ya yi su a ƙofar kanti, yana nuna wa mutane hanyar banɗaki da inda ake ajiye keken kaya. Kafil, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya riga ya gaya masa ba za a sabunta takardarsa ba, watan Afrilu zai koma Kura. A Kura kuwa akwai fadamar mahaifinsu, wadda ke hannun ƙanensa Auta tun da ya taho. Da can ba a taɓa musun cewa rabinta nasa ne ba, sai bara.

Bara, da watan Yuni ya kama, jikin Haliru ya gaya masa damina ta faɗi, lokacin shuka ya yi. Ya cika bokitan fenti da ƙasa a saman rufi, ya shuka masara da kuɓewa da rama. Yuni a Doha! Kwana tara suka yi a duniya, rana ta dafa su a tsaye. Ghali ya hau sama da waya, ya ɗauki hoton bokitan ɗaya bayan ɗaya yana kirari, "Ga gonar Sarkin Noman Doha, jama'a a kawo buhuna!" Ya tura wa 'yan gida don a yi dariya. Daga wannan waya zuwa waccan, bai yi mako ba ya isa Kura. Auta ya kira, da ladabinsa da komai. "Yaya, mun gani. Ai hannu yakan manta. In ka dawo ka bar mana wahalar fadama, mu buɗe maka ɗan shago a bakin hanya, ka huta." Kawunsu ma, wanda zai zauna a kan rabon, an ce ya gyaɗa kai. Tun ranar Haliru bai sake amsa gaisuwar Ghali ba.

Sai daga baya ya fahimci garin. A nan komai a juye yake. Damar manomi wata uku da rabi ce kacal, daga tsakiyar Nuwamba sa'ad da iska ta fara sanyi zuwa ƙarshen Fabrairu, kuma sai abin da ke son ɗari. Kabeji a cikin sanyi yake naɗe kai. In dashe ya wuce makon nan, zafin Maris zai riske shi bai ƙulla ba, ya baje ganye ya zama abincin akuya. Mako biyar Haliru ya yi yana renon irin a kofunan yogot a ƙarƙashin matakala, yana juya su kamar jarirai. Wannan ne sanyinsa na ƙarshe a Doha. Ko dai ya ɗaga kan kabeji da hannu biyu a gaban waya Auta da kawu su gani, ko ya koma gida ya zauna a shago yana auna sukari.

"Zan ba ka zuwa azahar," in ji Ghali. "Ka mayar da 'ya'yanka cikin kofunansu. In ba haka ba, wallahi tallahi, a kansu zan kwana."

Ya fita, ya matse motar a jikin katanga ta waje, ya naɗe madubi, ya shige ɗaki ya buga ƙofa. Haliru ya koma ya durƙusa. Kafin rana ta ɗaga ya gama fangali na huɗu, kabeji arba'in da takwas cif.

Bayan an sauko daga Juma'a aka kai maganar gaban Malam Sunusi. Shi ke riƙe da takardar hayar gidan, shi kaɗai wakilin mai gida ya sani, saboda haka duk rigimar banɗaki da ta tukunyar gas a gabansa take ƙarewa. Aka shimfiɗa darduma a barandar ciki, aka ajiye filas ɗin shayi, duk wanda ba shi da aiki ranar ya fito kallo.

Ghali ya fara. Ya ce shi ya riga kowa amfani da wurin. Ya ce mota ita ce abincinsa, kabeji kuwa ga shi nan jibge a kowane kanti, wanda yake marmari ya je ya saya. Ya ce mutum ya bar ƙauye ya hau jirgi ya ƙetare teku, amma ƙauyen ya biyo shi a cikin jaka.

Haliru ya miƙa tafukan hannunsa a gaban Malam Sunusi, duk kanta da tsagewa.

"Malam, wa ya share wurin? Wa ya zuba ƙasa? A cikin mutanen nan akwai wanda ya ɗaga mini bokiti ɗaya? Lokacin da yake juji ba wanda ya ce nasa ne."

Dogara, wani mai gadi ɗan Bauci da ke jingine da ƙofa, ya sunkuyar da kai yana wasa da cokalin shayi.

Malam Sunusi ya daɗe yana shafa gemu. Shi ma ɗan ƙauye ne, daga wajen Ɗanbatta, shekara ashirin a Doha ba su goge masa abin da ya tashi ya gani ba.

"Ghali, wurin naka ne, ban musa ba. Malam Haliru, abin da ka yi da asuba wayo ne, kuma ba wayo mai kyau ba. Amma an shuka. Ni dai ban taɓa ganin inda aka cire shuka da ranta don an yi rigimar ƙasa ba, kuma ba a bakina za a fara ba. Ya girbe. Ƙarshen Fabrairu ya ba ka wurinka."

"Fabrairu? Malam, wata uku da rabi fa! Nan Doha ce, ba Kura ba ce. Wace doka ce ta ce haka a ƙasar nan?"

"Babu. In kana son dokar ƙasar nan, kira wakili. Ya zo ya ga lambu, ya ga katakon da muka yanka gida da shi, ya ƙirga kawuna. Daga nan duk mu nemi wurin kwana."

Ghali ya dubi fuskoki goma sha ɗaya da ke kallonsa, ya ga ba wanda yake bayansa. Ya tashi ya ture kofin shayinsa da ƙafa.

"Khalas, shi ke nan. Allah ya isa tsakanina da kai, tsoho."

"Ya isar wa mai gaskiya," in ji Haliru.

Daɗi ya kama Haliru har ya kasa cin abinci sosai. Ana idar da la'asar ya jawo tiyo daga famfon bakin get. Ruwan kofi na safe jiƙa maƙoshi ne kawai, rana ta sha shi tuni, ganyen kabejin duk sun langaɓe. Yanzu ne za a yi ban ruwa na gaske, irin na gida: a saki ruwa a fangali ya cika ya kwanta kamar faranti, a toshe, a fasa kunya a juya shi zuwa na gaba. Haka ubansa ya koya masa, haka ya yi shekara talatin a bakin kanal. Da yake tonon wurin a watan Oktoba ya tarar da wani abu mai tauri a ƙasa, kamu ɗaya da rabi, fari-fari, diga tana tsalle a kansa. Ya ce a ransa marmara ce. A gida ƙasar da ke kan marmara ba ta da laifi, ruwa yakan sami tsaga ya bi ya wuce.

Ya sa tiyo a fangalin karas. Ruwa ya taru, ya yi kamar zai cika, sai ya nutse. Ya ƙara buɗe famfo. Ya sake taruwa, ya sake nutsewa. Haliru ya yi murmushi. Kai, ƙasar nan da ƙishi take! Ya bar shi ya sha iyakar shansa, kusan rabin sa'a, sannan ya fasa kunya ya juya zuwa latas. Shi ma haka, ana zubawa yana shanyewa. Ya tsuguna a gefe yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, yana lissafin ranar da zai kira Auta.

Yana ɗaga fartanya zai juya ruwan zuwa kabeji sai ya ji salati daga ɗakin Ghali, salatin wanda ya farka a firgice. Ƙofa ta buɗe. Ta bakinta ana hango ruwa kwance a ɗakin, baƙi, da ɓurɓushin kashin tumaki yana yawo a kai. Ghali ya fito daga shi sai singileti da gajeren wando, bayansa sharkaf, yana rungume da kwali. Gindin kwalin ya ɓalle a hannunsa, kaya suka zube a ƙasa: 'yan riguna, safa, tawul mai hoton agwagwa, takalma biyu da ba su kai tsawon yatsa ba. Kowa a gidan ya san kwalin. Kayan Ikhlas ne, 'yar da aka haifa masa wata biyu da suka wuce bai taɓa ɗaukarta ba. Tun kafin a haife ta yake tara su, ran Lahadi zai kai kago a aika su gida.

"Kashe famfon! Kashe famfon nan, azzalumi!"

Dogara ne ya ruga ya kashe. Mutane suka firfito. Aka leƙa ɗakin. Tsohon gareji ne, daɓensa ya fi tsakar gida zurfi da taku guda, ruwa ya kai idon sawu. Katifa ta sha ta ƙoshi, fararen rigunan aiki da ke cikin jaka a ƙasa sun koma ruwan ƙasa, ga wayar wuta tana iyo. Malam Sunusi ya yi tsalle ya kashe babban makunni yana ta innalillahi.

Haliru ya tsaya da fartanya a hannu, bakinsa a buɗe. Ya dubi fangalin latas, ya dubi bangon ɗakin, taku shida tsakaninsu, ga fangalin kabeji biyu a tsakiya a bushe ƙayau. Ta ina? Ya durƙusa a gefen kunya ya fara tono da sauri kamar kare, har fartanya ta yi ƙara. Ya share taɓon da tafin hannu. Abin da ya gani sumul yake, toka-toka, da sawun katakon magini a kai. Ruwa yana gudu a samansa siriri, a ƙarƙashin ƙasar, ya nufi ɗakin Ghali kai tsaye.

"Kankare ne," in ji Ghali daga bayansa. "Tun daga get har ƙofata, kuma gangare yake. Shekara uku ina ajiye mota a kansa kafin a zuba shara."

Haliru ya juyo a durƙushe.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Wata biyu kana zaune a ƙofar nan kana danna waya, kana kallona ina ɗaukar ƙasa a ka, ka san kankare ne a ƙasa?"

"Ka tambaye ni? Ko gaisuwata kana amsawa? Cewa na yi bari Sarkin Noma ya shuka a kan siminti, in sake samun abin ɗauka."

"Allah wadaran halinka."

"Allah wadaran naka! Dubi kayan 'yata! Dubi! Kashin tumaki a kan rigar jaririya!"

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe, abin ya ƙara ba shi haushi. Ya shiga ɗakin yana facal-facal, ya fito da makullin mota. Malam Sunusi ya tare shi, ya kauce. Ba wanda ya riƙe shi. Waɗanda suka yi shiru da rana yanzu bakinsu ya buɗe: ai dama abin bai dace ba, ai gida ba gona ba ne, da wuta ta ja shi fa? Dogara ma cewa ya yi, "Gaskiya Baba, ka ɓata rawarka." Haliru ya ji su duka. Ya san ko a Kura, wanda ruwansa ya fasa ya shiga gonar maƙwabci ba shi da bakin magana.

Ghali ya wangale get. Ya tayar da mota, ya yi baya, ya saita hancinta, ya shigo. Haliru bai matsa daga inda yake ba. Yana ganin taya tana tahowa, tana tahowa, har ta taɓa kunyar fangalin farko, ƙasar ta ɗan rufta. Sai motar ta tsaya. Injin yana ta kaɗawa. Ta gilashi ana ganin Ghali ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon layin latas da ke tsaye cikin ruwa.

"Yalla, taka mana!" wani ya ce daga baya.

Ghali ya kashe injin. Ya fito ya buga ƙofar motar da ƙarfin da kamfani ba zai so ya ji ba.

"Kai kake ganin kai kaɗai ka san fangali?" ya ce wa Haliru, yana huci. "Ni ɗan Garun Malam ne. A bakin lambu aka yaye ni. Shekara goma sha tara ina ban ruwa da asuba, ƙafata tana tsagewa, mu tara tumatir ya ruɓe a bakin titi muna kallo. Na tsani noma. Na tsani warin takin nan. Na gudo har nan don kada in sake ganinsa, ka kwaso shi ka kawo mini ƙofar ɗaki." Ya tofar da yawu gefe. "Sau ɗaya na taɓa taka shuka da gangan, ina yaro. Abin da ubana ya yi mini ranar, har ya mutu ban sake ba. Ba don kai na tsaya ba, kada ma ka ɗauka."

Ya sunkuya ya fizge tiyo daga bakin famfo, ya naɗe shi a hannu yana ɗiga, ya buɗe but ɗin motar ya jefa, ya kulle.

"Malam, ka yi hukuncinka da rana, na bi. Ga nawa. Ba zan cire masa ko ganye ɗaya ba. Amma in na sake ganin danshi a gindin bangon nan, ko na tafin hannu ne, wallahi wakili zan kira, kowa ya kwana a titi. Ni ma ai a titin motata take kwana."

Malam Sunusi ya dubi Haliru. "Ka ji. Ba ni da abin ƙarawa. Kuma kai za ka kwashe ruwan ɗakin nan, ka wanke kayan yarinyar da hannunka."

Ghali ya mayar da motar waje, ya sake matse ta a jikin katanga.

Sa'a guda Haliru ya yi yana kwalfar ruwa da bokiti da tsumma, yana fita da shi titi. Ba wanda ya taya shi. Aka jingine katifa a bango tana zubar da hawayenta. Ya tsince 'yan rigunan ɗaya bayan ɗaya ya jiƙa su a baho da sabulu. Da ya ɗauki takalman bai iya kallon mai su ba. Kunya ta ishe shi, haushi ma bai sake shi ba, ya rasa wanne ya fi ci masa rai.

Da ya fito rana ta yi ƙasa, iska ta fara sanyi. Kabejin nan arba'in da takwas sun kwanta a kan ƙasa kamar tsumma. Tun kofin safe ba su ga ruwa ba, duk abin da ya malala ta ƙarƙashinsu ya wuce bai taɓa saiwa ba. In suka kwana haka, gobe sai dai a share wuri. Ya tsaya yana auna abin. Ƙasa kamu ɗaya da rabi a kan kankare, ai babban baho ne. Kabeji zai iya rayuwa a baho, in an ba shi daidai abin da zai sha, ba ƙari. Ba tiyo, ba fasa kunya. Tsiro ɗaya, kurɓi ɗaya, safe da yamma, kafin aiki da bayan aiki, har Fabrairu. Kuma kuskure ɗaya ya isa.

Ya je ya ɗauko butar alwala ya cika a famfo.

Ghali ya jawo kujerar roba ya dasa a ƙofar ɗakinsa, ya zauna da rigar aro, ya harɗe hannu. Idonsa a kan gindin bango.

"Ina kallonka," ya ce.

Haliru ya nufi fangali na uku. Ya durƙusa a kan na farko, ya yi ɗan gurbi da yatsa kewaye da gindinsa, ya karkata butar. Ruwan ya taru, ya tsaya, ya nutse a hankali. Ya jira. Ya matsa na biyu. Buta ɗaya tsiro shida take ɗauka, sai ya tashi ya koma famfo, gwiwoyi suna ƙara. Ya gama fangali na uku, ya shiga na huɗu, wanda ke manne da ɗakin. Yanzu yana jin numfashin Ghali a kansa. Ya rage abin da yake zubawa. Layin ƙarshe ma ɗiga kawai ya yi musu. Aka fara kiran magariba a masallacin bakin titi, ya miƙe da ƙyar, ya juya zai tafi.

"Makaho ne kai?"

Haliru ya tsaya.

"Na lungu, na jikin bangon. Ka tsallake shi."

Da gangan ya tsallake shi. Tsakaninsa da bangon bai fi faɗin tafin hannu ba.

"Wannan ya yi kusa da ɗakinka."

"Oho. Ba shi ruwa. In ya mutu ka bi gari kana cewa ni na kashe maka."

Haliru ya koma ya durƙusa. Ya karkata butar a hankali, ruwan ya sauka siriri. Ghali ya taso daga kujera ya sunkuyo, kafaɗarsa ta kusa taɓa ta tsohon, su biyu suna kallon inda ruwan zai bi.

"Ya isa," in ji Ghali.

Haliru ya ɗaga butar.